Ingiricin hatsin rai: yadda za ka gane wanda doki zai ci da wanda zai cuce shi

Doki lafiyayye da ya gama girma yana iya cin ingiricin hatsin rai ba abin da ya same shi, in dai an yanke shi kafin ya fid da kai, ya bushe sarai, kuma an duba shi kafin a zuba masa. Goɗiya mai ciki da dokin da ya taɓa yin ciwon kofato kuwa, a nisanta su da shi. Hatsin kansa ba shi da dafi. Matsalar tana zuwa ne daga abubuwan da ke hawa kansa, da lokacin da aka yanke shi, da kuma irin dokin da aka ba.

Sunan hatsin rai ba shi da alaƙa da rai na rayuwa, daga bakin Turawa aka aro shi. Ɗan'uwan alkama ne da sha'ir, amma ya fi su tsawo, ya kuma fi su jure sanyi. Jamus da Folan da Rasha suna cikin manyan masu noma shi. A Amurka da Kanada manoma kan shuka shi a watan Satumba ko Oktoba don ya rufe gona lokacin hunturu, in sanyi ya wuce su yanke shi a Afrilu ko Mayu kafin su shuka masara ko waken suya. Daga nan ne ake samun ingiricinsa da araha, kuma arahar ce ke sa masu dawakai tambaya. Ba ya yi a zafin ƙasarmu, don haka wanda zai gamu da shi sai mai sayen abincin doki na waje, ko mai aiki a barga a Turai, Amurka, Ajantina ko ƙasashen Larabawa da ke shigo da ciyawa ta jirgin ruwa.

Mataki na 1: Tabbatar da abin da ake sayar maka

Tsirrai daban-daban ne ke amsa sunan "rai" a bakin dillalai, kuma haɗarinsu ba ɗaya ba ne. Akwai hatsin rai na ainihi, wanda sunansa na kimiyya a takardar kaya shi ne Secale cereale. Akwai kuma ciyawar raigiras, wadda sunanta ke farawa da Lolium. Ita ciyawa ce zalla, ba hatsi ba, kuma kashi biyu ce: mai shekara ɗaya da mai daɗewa a gona shekaru.

Ido ma yana rarrabewa. Karan hatsin rai kauri gare shi, da rami a ciki da gaɓoɓi masu tauri, ganyensa kore ne mai ɗan toka-toka, zangarniyarsa kamar ta alkama da dogon gashi. Raigiras siririya ce, bayan ganyenta yana sheƙi, kanta kuma shafaffe ne, 'ya'yan suna jere hagu da dama a jikin tsinken. In mai sayarwa ya kasa gaya maka wanne ne a cikinsu, to bai san lokacin da aka yanka ba ma, kuma wannan kaɗai ya isa ka rage kuɗi ko ka fasa.

Mataki na 2: Ware dawakan da ba za su ci ba

Kafin ka kwance dami ko ɗaya, zagaya barga ka fitar da waɗannan daga lissafi.

Goɗiya mai ciki, musamman a watanni uku na ƙarshe. Dalili yana tafe a mataki na gaba.

Dokin da ya taɓa kamuwa da kumburin cikin kofato, wanda likitocin dabbobi ke kira laminaitis, da duk dokin da kitse ya taru masa a doron wuya da gindin wutsiya. Kuru da jakuna suna cikin wannan sahu. Hatsi da ciyawar ƙasashen sanyi suna tara sukari da yawa a jikinsu, raigiras ma ta fi kowa, kuma sukarin ne ke tayar da wannan ciwo. A wurinmu ana son a ga doki ya yi ɓul-ɓul saboda hawan salla, to irin wannan dokin ne sukari ya fi saurin kayarwa.

Tsohon doki mai raunin haƙori da dokin da cikinsa ya saba toshewa. Kara mai tauri da ba a tauna sosai ba shi ke cunkushewa a babban hanji.

Dukushin da aka yaye kwanan nan. Ba don dafi ba, sai don ingiricin bai da isasshen furotin da kalsiyam da ƙashi mai girma ke bukata.

Mataki na 3: Kwance dami ka duba da hannunka

Nan ne mafi yawan aikin yake. Kada ka duba damin da mai sayarwa ya zaɓa maka. Ciro uku zuwa biyar daga wurare daban-daban, har da na tsakiyar tari da na ƙasa, ka yanke igiyarsu, ka baje su a kan farin buhu ko farin zane a wuri mai haske.

Fara neman kai. Manomi ya san lokacin da hatsi ya yi ciki, wato zangarniya ta kumbura a cikin kuben ganyen ƙarshe amma ba ta leƙo ba. Wannan ne lokacin yankan hatsin rai don doki. In ka tsaga saman kara ka tarar da zangarniya a ciki, laushi, kore, to an yanka a kan kari. In kuwa kawuna ne ko'ina a waje da dogon gashi mai kaushi, an makara. Hatsin rai yana da saurin wuce wannan mataki, cikin 'yan kwanaki ake tashi daga ciki zuwa fid da kai, kuma da ya fito furotin ke faɗuwa, kara ya zama itace. Shi ya sa ingiricin hatsin rai mai kyau yake da wuyar samu: manomi ya jira ruwan sama ya ɗauke kwana huɗu, ya dawo ya tarar gona ta wuce shi.

Gashin zangarniya ba ƙaramin abu ba ne. Yana da ƙananan ƙayoyi da ke fuskantar gefe ɗaya, in ya shiga nama gaba yake yi, ba ya dawowa. Shafa shi daga tsini zuwa gindi za ka ji yana kama yatsa. A bakin doki yana nutsewa a dasashi, da ƙarƙashin harshe, da cikin leɓe, ya zama gyambo.

Sai baƙar ƙwaya, wadda ita ce babban haɗarin hatsin rai. Sunanta agot, wata fumfuna ce mai suna Claviceps purpurea da ke shiga hatsi lokacin bununi. Maimakon ƙwaya ta fito, sai wani abu baƙi mai ruwan shunayya ya fito a gurbinta, mai tauri, ɗan lanƙwashe kamar ƙaramin ƙaho, sau da yawa ya fi ƙwayar hatsin tsawo har ya leƙo waje. A kan raigiras da sauran ciyayi ƙanana ne, kamar kashin ɓera. Hatsin rai ya fi alkama da sha'ir kamuwa domin furensa yana daɗewa a buɗe yana jiran iska ta kawo masa bununi daga wani tsiron, kuma shekarar da aka yi sanyi da damshi a lokacin fure abin ya fi yawa. Agot ce ta riƙa kashe mutane a Turai a zamanin da, lokacin da talakawa ke rayuwa a kan burodin hatsin rai, yatsu da ƙafafu suna ruɓewa suna faɗuwa.

Ga yadda za ka neme ta. Ɗauki runguma guda ta ingirici ka kakkaɓe ta da ƙarfi a kan farin buhun, ka tattara abin da ya zuba. Tsince duk wani baƙin abu ka karya shi da farce. Agot tana karyewa ƙas, cikinta fari-fari ko ruwan toka. Kashin ɓera yana murƙushewa, launinsa ɗaya ciki da waje. Kada kuma ka haɗa ta da burtuntuna, wadda ke fashewa ta zama baƙin gari. In abin da ya zuba yana da ƙwayar hatsi da yawa, jiƙa gishiri giram 200 a ruwa ya cika lita ɗaya, ka zuba a ciki: hatsi zai nutse, agot ta taso sama.

Dafin agot yana matse jijiyoyin jini, ya hana jini isa kunne da wutsiya da ƙafafu. A jikin goɗiya mai ciki kuwa yana danne sinadarin da ke sa nono ya kawo. Sai ka ga lokacin haihuwa ya yi, kusan kwana 340, hantsa ba ta cika ba, ciki ya zarce da makonni, mabiyiya ta yi kauri har ɗan ya kasa fasa ta, ko a haife shi raunanne ba dakashin da zai sha. An ga haka a gonakin dawakai a kudancin Brazil, inda 'ya'yan raigiras masu agot suka gauraya da hatsin da ake ba goɗiyoyi. Dokar Tarayyar Turai ta shekarar 2002 ta sa iyakar agot a abincin dabbobi mai hatsin da ba a niƙa ba a giram 1 cikin kilo 1. Wannan iyakar ciniki ce. Ga goɗiya mai ciki, ƙwaya ɗaya da ka gani ta isa a mayar da kayan.

Gero da dawa ma suna da tasu agot ɗin, dangin wannan. Wanda ya taɓa ganin zangarniyar gero tana ɗigar da wani ruwa mai danƙo kamar zuma lokacin bununi ya ga matakinta na farko. Don haka idon da ka koya a nan zai yi maka amfani ko a kan hatsin gida.

Lura da abu ɗaya: tunda agot sai a fure take shiga, ingiricin da aka yanka yana da ciki ba shi da ita, ba shi kuma da gashi mai tauri. Yanka a kan kari yana kawar da haɗari biyu a lokaci guda. Abin da ya rage sai ciyayin gefen gona da suka riga suka fid da kai aka haɗa da su, don haka duk da haka a kakkaɓe a duba.

Daga nan sai hanci da tafin hannu. Ingirici mai kyau ƙamshin busasshiyar ciyawa yake yi. Warin rima, ko warin taba, ko na abin da ya ƙone, alamar an ɗaure shi da danshi ne. Cusa hannu tsakiyar dami: in da ɗumi, ko sassan sun manne da juna, ko farar ƙura ta tashi kamar hayaƙi da ka buɗe, fumfuna ce. Tana jawo tari da ciwon huhu mai kama da asma wanda in ya kama doki ba ya rabuwa da shi gaba ɗaya. Hatsin rai ya fi sauran ciyayi wannan matsala saboda karansa mai kauri ne, ana kuma yankan sa a lokacin da rana ba ta da ƙarfi. Ganye kan bushe ƙamas alhali gaɓar kara tana riƙe da ruwa. Murɗa 'yan karare ka kankare gaɓa da farce, in ka ga laima bai bushe ba.

In kana son adadi, yayyanka giram 100, ka sa a na'urar ɗumama abinci ta lantarki tare da kofin ruwa a gefe don kada ya kama wuta. Riƙa kunnawa na ɗan gajeren lokaci kana aunawa har nauyin ya daina raguwa. Giram nawa ya ragu, shi ne kason danshi cikin ɗari. Ana son 15 ko ƙasa.

In ka ga mushen ɓera, tsuntsu ko maciji a cikin dami, jefar da damin duka, ba wurin kaɗai ba. Ƙwayar cutar botulizim tana tsira a mushe, kuma doki yana cikin dabbobin da dafinta ya fi saurin kashewa.

Mataki na 4: Kai samfur ɗakin gwaji

Abu biyu ido ba ya gani: naitiret, wani sinadari da saiwa ke sha daga ƙasa da taki, da kuma sukari. In kaya mai yawa za ka saya, kuɗin gwaji bai kai na dami kaɗan ba.

A ɗebi samfur daga dami 15 zuwa 20. Akwai bututun ƙarfe mai kaifin baki da ake hudawa da shi daga ƙarshen dami zuwa tsakiya, shi ya fi, domin yana yanko kara da ganye daidai yadda suke. In babu, buɗe damin ka ɗebo daga tsakiya, kada ka bar ganye ya zube. Gauraya duka, ka cire kamar giram 250, ka ƙulle a leda mai tsabta, ka rubuta ranar da sunan kayan.

Naitiret yana taruwa a hatsin da aka zuba wa takin zamani ko taki mai yawa, sannan fari, ko sanyi mai daskarewa, ko kwanakin hadari ba rana suka tsayar da girmansa. Saiwa tana ci gaba da sha, ganye ba ya sarrafawa, sai ya taru a gindin kara. Bushewa ba ta rage shi. Abin da aka yanka da shi, shi za a tarar bayan shekara. Doki ya fi saniya jurewa, amma ma'aunin da ya fi kwanciyar hankali shi ne ƙasa da kashi 0.5 cikin ɗari na busasshen nauyi, wato kashi 5,000 cikin miliyan, wanda ake rubutawa ppm 5,000. Tsakanin 0.5 da 1, a gauraya shi da wata ciyawar rabi da rabi. Sama da 1, a bar shi. A nan mutane ke yin kuskure: wasu ɗakunan gwaji suna rubuta NO3, wasu NO3-N. In na biyun ne, ninka adadin sau 4.43 kafin ka kwatanta. Takardar da ta ce 1,500 a ma'auni na biyu tana nufin kusan 6,600 a na farko, ya haye iyaka ke nan. Kuma ingirici mai naitiret in ya jiƙe ya kwana a jiƙe, ƙwayoyin cuta na juya shi ya zama naitirait, wanda ya fi shi dafi nesa ba kusa ba.

Sukari da sitaci a haɗe ana rubuta su NSC. Ga dokin da ke da haɗarin ciwon kofato ana son ƙasa da kashi 10 zuwa 12 cikin ɗari. Raigiras da hatsin da aka yanka ɗanye sukan wuce haka sosai. Dokin da ke aiki kullum yana ƙona sukarin, ba damuwa.

Duba kuma lambobi biyu da ke nuna taurin ingiricin a takardar gwaji, NDF da ADF. In NDF ya haura 65, yawancin dawakai za su tsattsaga su bar shi. In ADF ya haura 45, cika ciki kawai yake yi. Gwajin dafin agot daban ake neman sa, ba ya cikin gwajin yau da kullum, sai ka faɗa.

Mataki na 5: In raigiras ce, tambayi inda ta fito

Raigiras mai daɗewa tana iya ɗauke da wata fumfuna da ke zaune a cikin jikinta, ba a gani daga waje. Tana yin dafi mai suna lolitirem B, wanda ya fi taruwa a gindin ganye da cikin iri, kuma yana nan daram bayan bushewa. New Zealand da Ostareliya sun fi fama da shi. Doki zai fara karkarwar kai da tsoka, in ya firgita ya yi tangaɗi kamar mashayi, wani lokaci ya faɗi. Yawanci yana warkewa cikin kwanaki zuwa mako biyu in an canja masa abinci. Abin da ke kashe shi faɗuwa ce cikin ruwa ko kan shinge. Irin raigiras da ake shukawa a filin ƙwallo da farfajiyar gida da gangan ake bar masa wannan fumfuna don ta kori ƙwari, shi ya sa ba a ba doki ciyawar da aka aske daga irin waɗannan wurare, haka ma karan da ya rage a gonakin noman iri, kamar na jihar Oregon a Amurka, sai da takardar gwaji.

Raigiras mai shekara ɗaya tana da nata, kuma ya fi muni. A yammaci da kudancin Ostareliya, da wasu sassan Afirka ta Kudu, wata tsutsa da ido ba ya gani tana kai ƙwayar cuta cikin kan ciyawar, ita kuma ta yi dafin da ke taruwa a jiki sannu a hankali, ya kawo farfaɗiya da mutuwa. Ba shi da makari, kuma yana shekaru a cikin busasshiyar ciyawa. Wani lokaci ana ganin busasshen ruwa rawaya a kan zangarniya, sau da yawa ba a ganin komai. Ostareliya tana gwada ciyawar da take fitarwa waje saboda wannan. In kayanka daga can suke, ko da ingiricin wani hatsin ne da raigiras ta tsiro a cikinsa, nemi takardar.

Akwai kuma raigiras da ake naɗewa a leda da sauran danshinta, wadda ta yawaita a Ingila da Ayalan. Leda in ta huje, a yar da damin. In an buɗe a cinye cikin kwana uku ko huɗu, a ƙasa mai zafi ma ƙasa da haka.

Mataki na 6: Fara bayarwa da awo

Doki yana bukatar ciyawa kashi 1.5 zuwa 2 cikin ɗari na nauyinsa kowace rana. In ba sikeli, auna kewayen ƙirji ta bayan ƙafafun gaba da santimita, ka auna tsawo daga tsinin kafaɗa zuwa tsinin ɗuwawu. Ninka kewayen da kansa, ka ninka da tsawon, ka raba da 11,880. Doki mai kewaye 175 da tsawo 155 zai ba ka kusan kilo 400, abincinsa kilo 6 zuwa 8 ke nan.

Kada hatsin rai ya wuce rabin wannan. Ga mai kilo 400 da ke cin kilo 8: hatsin rai kilo 4, ciyawar da ya saba kilo 2, alfalfa ko harawa kilo 2. Harawar ba ado ba ce. Ingiricin hatsi yana da ƙarancin kalsiyam, doki kuwa yana son kalsiyam ya kusa ninka fosfaras sau biyu a abincinsa. In aka haɗa ingiricin hatsi da dusa mai yawa ba ganyen wake ko gyaɗa, fosfaras ya rinjaya, jiki ya riƙa zarar kalsiyam daga ƙashi, har ƙasusuwan fuska su kumbura.

Ƙwayoyin da ke narkar da ciyawa a babban hanji suna bukatar lokaci kafin su saba da sabon abu. Kwana uku na farko kilo 1, ana rage kilo 1 daga tsohon abincin. Kwana na 4 zuwa 6 kilo 2. Na 7 zuwa 9 kilo 3. Daga na 10 kilo 4. A auna da sikelin rataye a cikin buhu, kada a yi da ido, domin hatsin rai yana da girman gani da ƙarancin nauyi. A raba sau uku ko huɗu a yini.

Ruwa shi ne rigakafin toshewar ciki. Doki mai wannan nauyi yana shan lita 20 zuwa 30 a sanyi yana hutawa, a zafi ko da aiki ya ninka. Kada bokiti ya bushe, a kuma sa masa gishiri kamar giram 30 a rana don ya ji ƙishi ya sha.

Jiƙa ingirici yana da amfani biyu kawai. Minti 10 zuwa 15 yana kwantar da ƙura. Awa ɗaya a ruwan sanyi, ko rabin awa a mai ɗumi, yana fitar da wani kaso na sukari, amma kason ba tabbas, wani ingiricin ya sauka sosai, wani da ƙyar. A tsane, a zubar da ruwan inda doki ba zai sha ba, a bayar nan take, domin a zafi jiƙaƙƙen ingirici yana tsami cikin awoyi. Jiƙo ba ya cire agot, ba ya cire lolitirem, ba ya gyara abin da ya yi fumfuna.

Mataki na 7: Sa ido makonni uku na farko

Ƙirga kashi kullum. Doki kan yi sau 8 zuwa 12 a yini. In ya ragu, ya zama ƙanana masu tauri da yauƙi a jiki, doki yana tonon ƙasa, yana waiwayen cikinsa, yana yawan kwanciya, ciki ya fara toshewa. Ɗauke abinci, bar ruwa, zagaya da shi a hankali, kira likita. Kada a ɗura masa mai ta baki, yana iya faɗawa huhu. Likita ta hanci yake zura tiyo har tumbi.

Sau biyu a mako ɗaga leɓensa ka duba dasashi. Dalala, warin baki, zubar da abinci yana cikin tauna, ko ƙin karɓar linzami, duk alamar gashi ne ya shiga. Na kusa a cire da matsefata, a wanke da ruwan gishiri giram 9 a lita ɗaya. Kada ka zura yatsa wajen turame. Na can ciki sai likita ya yi masa allurar kwantarwa ya buɗe bakin da ƙarfe. A daina ba shi wannan ingiricin, in ba haka ba gyambon ba zai rufe ba.

Taɓa kofato safe da yamma. Zafi, bugun jijiya mai ƙarfi a bayan idon sawu, da tsayuwar da doki ke miƙe ƙafafun gaba ya jingina baya, laminaitis ne. A cire ingiricin da duk wani hatsi, a tsoma ƙafafun cikin ruwan ƙanƙara, a nemo likita a ranar.

Numfashi da sauri, rauni, dasashi ya koma ruwan ƙasa ko shuɗi-shuɗi, wannan naitiret ne, kuma na gaggawa ne. Don kwatance, lafiyayyen doki a hutu zafin jikinsa digiri 37.5 zuwa 38.5 ne, bugun zuciya 28 zuwa 44 a minti, numfashi 8 zuwa 16.

In kuma an gano goɗiya ta riga ta ci mai agot, a canja mata abinci nan da nan a sanar da likita. Akwai maganin domferidon da ake bayarwa kafin haihuwa don nono ya kawo. A tanadi dakashin wata goɗiyar, domin dukushi yana bukatar sa cikin awa 12 na farko, bayan awa 24 hanjinsa ya daina ɗaukar kariyar da ke ciki. A kuma kasance a wurin lokacin haihuwa, don in mabiyiya ta fito ja wur ba ta fashe ba a yage ta da hannu ɗan ya sami iska.

Ga wanda zai noma da kansa

Fara zagaya gona kullum da zarar ganyen ƙarshe ya fito, ka yanka da ciki ya kumbura. A ɗaga wuƙa santimita 8 zuwa 10 daga ƙasa, don a bar gindin da naitiret ya fi taruwa, iska kuma ta riƙa wucewa ta ƙasan abin da aka yanka. A yi amfani da injin da ke murje kara, a baje da faɗi, a juya washegari. In ruwa ya sauka bayan fari, a jira kamar mako guda kafin yanka, domin a kwanakin farko ne tsiro ke zuƙar naitiret da yawa.

Lokacin yanka a yini yana da ciniki a ciki. Da safe sukari ya yi ƙasa domin tsiro ya ci shi cikin dare, amma naitiret yana sama. Da yamma bayan rana mai haske naitiret ya sauka, sukari ya hau. Wanda ya zuba taki da yawa ya yanka da yamma. Wanda dawakansa masu ƙiba ne ya rage taki tun farko ya yanka da safe. In daren ya yi sanyi mai daskarewa, sukarin bai sauka ba ko da safen.

Bayan ɗauri a jera a kan katako, a bar tazara tsakanin layi, a riƙa cusa ma'aunin zafi tsakiyar tari har mako uku. Ƙasa da digiri 50 ba komai. In ya kai 65 an shiga haɗari, a riƙa dubawa sau da yawa a yini. In ya kai 80 a kira 'yan kwana-kwana kafin a taɓa tarin, domin buɗe shi iska ta shiga ne ke tayar da wutar. Sai zafin ya sauka ya daidaita da na waje ake fara ba doki.

Karan hatsin rai da aka sussuke kuwa shimfiɗa ce mai kyau, dogo ne, mai tsabta, bargunan sukuwa a Amurka sun daɗe suna son sa. Sai dai doki mai kwaɗayi yana cin shimfiɗarsa cikin dare, kuma karan ya kai matakin da agot ta gama nuna, da sauran kawunan da injin bai sussuke ba. A ɗakin goɗiya mai ciki a shimfiɗa ɓawon katako ko karan alkama da aka kakkaɓe aka duba.